Dandali, Dara da Hawan Dutse: Fita Shan Iska a Ƙasar Jahun

 

Batun da shirin faɗakarwa zai ɗauka a yau ya shafi wani fanni na zaman jama'a da ba kasafai ake zama a yi nazarinsa ba, wato yadda ƙungiyoyin zumunta ke shirya fita shan iska a kusa da gari, da wasannin da suke yi a fili, da 'yar kasadar da ke tattare da hawan dutse ko shiga daji ko zuwa bakin ruwa, kuma ƙasar Jahun da maƙwabtanta na tsakiyar Jihar Jigawa su ne wurin da za a auna maganar. Abin da ake nufi da ƙungiyar zumunta a nan shi ne taron mutanen da suka haɗa kansu bisa son ransu, suka naɗa shugabanni, suna tara kuɗi ta hanyar karo-karo, suna kuma haɗuwa a lokaci sananne domin nishaɗi da taimakon juna, ko 'yan majalisar ƙofar gida ɗaya ne, ko tsofaffin ɗaliban aji ɗaya, ko 'yan kulob ɗin ƙwallon unguwa, ko matan da adashe ya haɗa. Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan fita a matsayin baƙuwar al'ada ta 'yan boko da masu hannu da shuni, alhali tarihin yankin ya nuna cewa wasa mai tsari, mai shugabanni da lokaci da doka, ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba. Abin da ya yi rauni a yau shi ne tsarin da kuma filin, amma sha'awar tana nan yadda take.

Jahun ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991, kuma tana cikin masarautar Dutse tare da Dutse da Kiyawa da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 229,000, waɗanda ke zaune a garin Jahun da garuruwa irin su Aujara da Harbo da Gunka da Kale da Kanwa, da ɗimbin ƙauyuka da rugagen Fulani. Shimfiɗar ƙasar ita ce ta fara tsara wa mutanenta irin wasan da za su yi, domin yawancinta jigayi ne, wato dogayen tuddan rairayi da iska ta tara tun dubban shekaru, a zamanin da hamada ta kawo har nan, sa'annan a tsakanin tudu da tudu akwai kwari da fadama inda ruwan damina ke kwanciya ya zama tafki. Daga arewa kuwa kogin Haɗeja da rassansa ne ke ratsa ƙasashen Ringim da Taura da Miga, suna cika fadamu idan sun tumbatsa. Rairayi mai laushi ne ya sa kokawa da langa suka zauna da gindinsu, tun da wanda aka kayar a kansa yakan tashi ya kakkaɓe jikinsa ya koma fage. Ruwan fadama ya kawo iyo da su, wato kamun kifi. Duwatsun Dutse da na Birnin Kudu da ke kudu kuma suka ba da wurin hawa da hangen nesa.

Bayan ƙasa sai lokaci, kuma manomi ne ke riƙe da shi. Daga Yuni zuwa Satumba babu mai sukunin wasa, saboda shuka da noman farko da maimai sun cinye yini, amfanin gona kuma ya rufe ko'ina har ba a bar wa ƙafa wurin ratsawa ba sai hanya da burtali. Da zarar kaka ta yi, aka girbe gero da dawa, aka yanke riɗi, aka tsinke zoɓo, sai gonaki su koma fili buɗaɗɗe, rumbu ya cika, aljihun saurayi ya ɗan yi nauyi, dare kuma ya yi sanyi da farin wata. Daga nan har ƙarshen hunturu, wajen watan Fabrairu, shi ne lokacin da aka saba yin wasanni da bukukuwan aure da ziyarce-ziyarce, kafin bazara ta shigo da zafin da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Duk ƙungiyar da ta shirya fita ba tare da duba wannan jadawali ba, ko dai ta tattake wa wani shuka ta jawo rigima, ko ta kai 'ya'yanta cikin ranar da ba ta da daɗin zama.

Tsohuwar ƙungiyar nishaɗi ta ƙasar Hausa ita ce samartaka, wato haɗin samarin gari ko na unguwa a ƙarƙashin sarkin samari, wanda ake zaɓa saboda farin jini da iya magana da kuma yardar manya. Yana da 'yan majalisarsa masu sarautu irin na fada, su waziri da galadima da alƙali, 'yanmata kuma suna da tasu shugabar da ke tsawata musu, kana ta yi magana da yawunsu. Dandali, wato filin da ke tsakiyar gari ko a gefensa inda ake taruwa bayan cin tuwon dare, shi ne fadar wannan sarauta. A can ake sa ranar wasa, a can ake yanke wa wanda ya yi zagi ko ya ƙi fitowa aikin gayya tarar goro, a can ake tsara yadda za a karɓi samarin wani gari idan sun kawo ziyara, da gidan da kowane baƙo zai sauka, da wanda zai kawo fura. Mai nazari zai lura cewa duk abin da ƙungiyar zamani ke taƙama da shi, shugabanci da asusu da ladabtarwa da karɓar baƙi, yana cikin wannan tsari, sai dai babu littafin rajista. Aiki da wasa kuma a haɗe suke, domin samarin da ke kokawa da dare su ne ke fita gayya da safe, wato noman taimako da ake yi wa mutum ɗaya a rana ɗaya ana kaɗa musu gangar noma, kuma su ne ke yin kalankuwa bayan girbi, bikin da samari ke kwaikwayon sarki da alƙali da 'yan doka suna zaman shari'ar raha a gaban jama'a. A Jamhuriyar Nijar gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta ɗauki wannan tsari da sunan Samariya ta mai da shi hanyar tattara matasa wajen ayyukan gari, abin da ya nuna ƙarfinsa, ko da yake shigar hukuma cikinsa ta sa ya koma kayan aikin siyasa.

Cikin wasannin fili na maza, langa ta cancanci a tsaya a kanta, saboda ba ta buƙatar a sayi komai, kuma duk da haka tana da dabarar da ba ta gaza ta ƙwallon ƙafa ba. Ana raba 'yan wasa gida biyu, kowane ɗan wasa ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya rinƙa tsalle da ɗayar, hannun da ya rage kuma da shi zai ture abokin karawa ko ya kare kansa. Wanda ya faɗi, ko ya saki ƙafar da ya riƙe, an kashe shi ke nan, sai ya koma gefe. Ɓangaren da ke da wasa yakan ware mutum ɗaya da ake kira ruwa, wanda aikinsa shi ne ya ratsa abokan hamayya ya kai wurin sha, sauran 'yan ɓangarensa kuma suna yi masa garkuwa suna buɗe masa hanya. Idan ya kai an sha ɗaya ɓangaren, idan aka kayar da shi a hanya wasa ya koma hannunsu. A nan ne hikimar take, domin ƙarfi kaɗai ba ya ba da nasara: dole a san wanda za a sa ruwa, mai sauri ko mai wayo, dole a san lokacin da zai laɓe a bayan manya da lokacin da zai zabura, dole kuma ƙaƙƙarfan ɗan wasa ya yarda a kashe shi domin wani ya wuce. Hukumar wasannin gargajiya ta Nijeriya ta sa langa cikin wasannin da ake gasarsu tare da kokawa da dambe da ayo da abula, ta kuma kasa ta kashi uku, ruwa da kawoshi da tureshi. Abin mamaki ne a ce wasan da ake ba da lambar zinariya a kansa a gasar ƙasa ya zama yaran garuruwan da ya fito ba su iya riƙe ƙafarsa daidai ba.

Dara kuwa wasan inuwa ce, ta magidanta da dattawa, kuma ita ce ta fi dacewa da tsakar rana a wurin fita. Ana haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi 5 masu gida shida-shida, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, ɗaya tsakuwa ɗaya guntayen kara domin a bambance. Da farko ana zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda a jera uku a wannan mataki ba. Bayan an gama zubi sai a fara turawa gida ɗaya-ɗaya, duk wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin wasansa guda. Gwanin dara tun a wurin zubi yake cin wasa, domin a nan yake gina gidan da zai rinƙa buɗewa yana rufewa yana ci. 'Yan kallo ba sa iya yin shiru, kuma rabin daɗin wasan yana cikin gardamarsu. 'Yanmata suna da gaɗa, inda suke yin da'ira suna tafi, ɗaya ta faɗo da baya a cafe ta a cilla, da carafke da ake yi da 'yan duwatsu, da 'yar gala-gala da ake zana wa gidaje a ƙasa, kuma gaɗa ita kanta horo ce ta amincewa, tun da mai faɗawa ba ta ganin hannuwan da za su tare ta.

Kasadar daji da ta ruwa tana da nata tsarin. Idan ruwan tafki ya ja baya a rani akan sa ranar su, wato kamun kifi na gayya, kuma ba a shiga sai sarkin ruwa ko mai gari ya ba da izini, domin a bar kifi ya girma, kowa kuma ya sami rabonsa. Sai a ga jama'a sun faɗa ruwa a lokaci ɗaya da homa da gora. Bikin Argungu na Jihar Kabi, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, babban yaya ne ga irin wannan su na ƙauye. Farautar rani ma ta ƙungiya ce, da shugabanta da makaɗanta da karnukanta, sai dai daji ya ƙare, namun sun yi ƙaranci, kuma cinna wa ciyawa wuta domin korar zomo ko gafiya ɓarna ce da ke cinye abincin dabbobi da ƙananan itatuwa, don haka ba abin da za a ba ƙungiyar yau shawarar ta farfaɗo da shi ba ne. Masu dawaki kuma suna da kilisa, wato fita da doki da yamma domin motsa shi da shan iska.

Zuwan Turawa ya kawo wani nau'in kulob dabam, mai gini da shinge da katin shiga, da wasannin da ake yi a kan filin da aka share aka daidaita. Wasu daga cikin wasannin sun kama ƙasa sosai. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi ƙwallon dawaki a farkon shekarun 1920, ɗansa Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da aka san shi har ƙasashen waje. A Katsina ne kuma aka koya wa ɗalibai ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wasan da Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Ƙwallon lambu, wanda ake buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, a ƙasarsa ta asali a kan ciyawa mai laushi ake yin sa, amma a tsofaffin filayen Arewa ƙarancin ruwa ya sa aka rinƙa daɓe kewayen ramin da rairayin da aka cakuɗa da mai. Dutse ma ta sami nata filin a hannun marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 har rasuwarsa a Janairun 2023, kuma ya haɗa filin da dashen itatuwa. Irin waɗannan wasanni suna da kyau, amma kuɗin sanda da na doki sun fi ƙarfin saurayin Aujara ko na Gunka. Abin da ya fi kusa da talaka cikin kayan da suka zo daga waje shi ne ƙungiyar sikawut, wadda aka kafa a Ingila a 1907 ta iso Nijeriya a 1915, da ƙungiyar Man O' War da ta samo asali daga wata cibiyar horo da aka buɗe a gaɓar tekun Kamaru a 1951, domin su ne suka shigar da tafiyar ƙasa da kwanan sansani da taimakon gaggawa cikin makarantu.

Dalilan da suka raunana dandali suna da yawa, kuma ba dukkansu ne abin baƙin ciki ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗauke safiyar yaro, makarantar Islamiyya ta ɗauke yammacinsa, wanda kuwa ci gaba ne da babu mai hankalin da zai nemi a warware. Cirani yana kwashe samari zuwa Kano da Abuja da Legas daidai lokacin da aka saba yin wasa, noman rani na shinkafa da alkama da kayan lambu kuma ya mai da rani lokacin aiki ga waɗanda suka zauna. Gidan kallon ƙwallo da wayar hannu, wadda ta bazu bayan 2001, sun mai da matashi ɗan kallo: ya san jerin 'yan wasan Ingila da Sifaniya da ka, amma sai ya yi wata bai yi gudun da zai sa shi haki ba. Majalisa ta gaji samartaka wajen zumunci da gudummawar biki, ta bar motsa jiki a baya, ta zama zaman benci da shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, yaro kuma minti 60 a kullum. Manomi da mai tura kurar ruwa sun wuce wannan ma'auni ba tare da sun sani ba, amma ma'aikacin ofis da mai shago da ɗan acaɓa da matar da ke cikin gida, waɗanda hawan jini da ciwon sukari ke yi wa sallama tun ba su tsufa ba, su ne maganar ta fi shafa.

Akwai kuma batun addini, wanda bai kamata a kewaye shi ba. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo malamai ke sukar cakuɗuwar maza da mata a wuraren kiɗa da wasa, kuma bayan da Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 dandalin dare irin na da ya ƙara ja baya. Abin da malamai suka soka kuwa shi ne cakuɗuwa da caca da tozarta lokacin salla, domin ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya yi kokawa da Rukana, ya kuma ƙarfafa harbi da sukuwar dawaki. Saboda haka ƙungiyar da ta raba fitar maza da ta mata, ta tsaya ta yi salla a kan lokaci, ta hana sa kuɗi a kan dara ko karta, ta fita daga abin da ake zargi. Sai dai a aikace rabuwar takan zama maza sun fita mata sun zauna, kuma wannan tauye haƙƙi ne da ba addini ya kawo shi ba. Makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin adashe suna da shugabanci da asusu da ya fi na majalisun maza da yawa tsari, kuma babu abin da zai hana su nemi harabar makaranta mai katanga ranar da babu karatu, ko lambun wani dattijo, su yini da 'ya'yansu ana gaɗa da carafke.

Wuraren zuwa ba su yi wa mutumin Jahun nisa ba. Wanda ya bi hanyar Kiyawa zai isa Dutse, inda duwatsu suka kewaye tsohon garin Garu da fadar sarki, inda kuma ake da gonakin dabino da reshen binciken dabino na wata cibiyar bincike ta tarayya. Gaba kaɗan akwai Birnin Kudu, wadda ita ce ta fi cancantar yini guda cur. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse, wasu masu dogon ƙaho marasa tozo, irin da ba a kiwo a yankin yanzu, kuma gwamnatin tarayya ta sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa. A nan ne Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya yi nazari a tsakiyar shekarun 1950 a kan duwatsun da ke ƙara kamar ƙararrawa idan an ƙwanƙwasa su da wani dutse, ya kuma rubuta cewa amare da ƙawayensu kan je wurin gabanin aure, yara kuma suna zamiya a kan santsin dutse har ya yi sulɓi. Wato dai fita wasa kan dutse a wannan yanki tsohon abu ne da ya bar alamarsa a jikin dutsen kansa. Ƙungiyar da ta je ta tuna cewa rubuta sunan kulob da gawayi ko fenti a kusa da zanen ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Masu ƙarfin tafiya mai nisa suna iya nufar dausayin Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, inda tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai ke sauka a lokacin hunturu. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin shatar mota ya zama babban nauyi, kuma wannan ya ƙara wa fita ta kusa daraja: tafiyar ƙafa ko ta keke zuwa tudun da ke bayan gari, ko inuwar tsamiya a bakin fadama, da ƙunshin dambu da gyaɗa da rake, a sayi nono a ruga, a tsinko magarya da kanya a hanya, a koya wa yara sunayen itatuwa da amfaninsu.

Haɗarin da ya fi kowanne a wannan ƙasa ruwa ne. Kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini ko ta aikin hanya suna da gaɓa mai zurfi da laka mai riƙe ƙafa, kuma kusan kowace damina ana jin labarin yaran da suka nutse a irinsu a sassan jihar, haka nan kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da kima. Ƙa'idar da ba ta da sassauci ita ce kada wanda bai iya iyo ba ya wuce gwiwa, kada a shiga ruwan da ba a tambayi mutanen wurin zurfinsa ba, kuma wanda bai ƙware ba kada ya faɗa ceton mai nutsewa, ya miƙa masa gora ko igiya ko jarkar da babu komai a ciki. Ruwan kwance yana kuma ɗauke da tsargiya, cutar da ƙwayarta ke girma a jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito ta huda fatar mai wanka, daga baya ta bayyana da fitsarin jini. A wasu wurare ana ɗaukar wannan jini alamar balagar yaro, alhali ciwo ne da ke lalata mafitsara idan ya daɗe, kuma yana da magani, Praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu. A kan dutse da cikin kara kuwa abin tsoro shi ne kububuwa da kunama, don haka takalmi mai rufi ya fi silifa, kuma ba a cusa hannu cikin rami ko kogo. Idan maciji ya sari mutum, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi asibiti.

Sauran sharuɗɗan na shugabanci ne. A rubuta sunan duk wanda ya fita a kuma ƙirga kafin a juyo, a nemi yardar iyayen yara, a aika wa mai unguwa ko dagacin wurin da za a je tun da wuri, domin baƙin samari 30 da suka sauka a bayan gari babu sanarwa, a wannan zamani na rashin tsaro, za a iya yi musu mummunar fahimta. Kuɗin karo-karo ya zauna a hannun ma'aji, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa, saboda ƙungiyoyin da suka watse a kan canjin kuɗin mota sun fi waɗanda suka watse a kan babbar magana yawa. Ya kamata kuma a yi hattara da kyautar 'yan takara, domin rigunan wasa da ƙwallon da ke zuwa gab da zaɓe sukan raba kulob gida biyu bayan an sanar da sakamako.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da fili, kuma fili ne ke tafiya ba ya dawowa. Garuruwa suna faɗaɗa, ana yanka dandali da masussuka da gefen makaranta ana sayarwa fuloti-fuloti, har ta kai yara suna buga ƙwallo a kan titi ko a maƙabarta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da su, don haka majalisar ƙaramar hukuma tana da hurumin ware fili domin amfanin jama'a ta kuma ba shi takarda. Shirin yana kira ga ƙungiyoyin Jahun da Kiyawa da Miga da su yi rajista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukumarsu, su tafi tare da mai unguwa da dagaci da limamin gari su nemi a auna filin wasan unguwarsu, a kafa masa turaku, a rubuta shi da sunan al'umma, su kuma dasa masa darbejiya a kewaye da zarar ruwan Yuli ya zauna.